Kayan Gari a Ɗakin Ibada: Kiɗan Ogan na Bazara a Cocin Bavo ta Haarlem

A can ƙololuwar ogan ɗin da ke babbar cocin Haarlem, wato wani katon kayan kiɗa mai dubban bututu da iska ke busawa, kusan mita 30 daga ƙasa, akwai zakuna biyu na sassaƙa riƙe da tambarin birnin. Yawancin masu yawon buɗe ido sukan ɗaga kai su ɗauki hoto su wuce, alhali tambarin nan shi ne takardar shaidar mallaka. Ginin na masu ibada ne, amma ogan ɗin na hukumar gari ne. Hukumar ce ta biya aka ƙera shi, ita ke biyan gyaransa, ita ke naɗa makaɗin da ke kula da shi, kuma da sunanta ake gayyato baƙin makaɗa daga wasu garuruwa da wasu ƙasashe su zo su kaɗa shi duk bazara.

Haarlem birni ne a ƙasar Holan, tafiyar kamar kilomita 20 yamma da Amstadam, kuma shi ne hedikwatar lardin Arewacin Holan. Cocin tana tsakiyar gari a bakin babban filin kasuwa, ana kiranta Grote Kerk, wato babbar coci, ko cocin Sint Bavo. Akwai wata cocin Katolika mai wannan suna a wani gefen garin, wadda aka fara ginawa a 1895, kuma baƙi da yawa sukan ɓata su je can. Wadda muke magana a kai ita ce tsohuwar, ta 'yan Furotesta.

Tsarin kiɗan ba shi da wuyar fahimta. Daga wajen tsakiyar Mayu zuwa Oktoba, duk daren Talata akwai kiɗan ogan na kamar awa guda, sannan a tsakiyar bazara a ƙara da wani ran Alhamis da rana. Sunansa kiɗan ogan na gari, kuma an yi shekaru da yawa ba a karɓar kuɗin shiga. Makaɗin gari yakan ɗauki wasu ranakun, sauran a raba wa baƙi. Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a zauna a duba shi ne yadda aka yi wannan al'ada ta daɗe haka, a nahiyar da coci-coci da yawa suka zama kantin littattafai ko gidan cin abinci.

Yadda ogan ya faɗa hannun hukuma

Asalin abin rigima ce. A ƙarni na 16, lokacin da mabiya koyarwar Calvin, wani jagoran 'yan Furotesta, suka karɓe manyan coci-cocin Holan daga hannun Katolika (ta Haarlem sun karɓe ta a 1578), malamansu ba su ƙaunar ogan ko kaɗan. A ganinsu kayan ƙawa ne da ke ɗauke hankalin mutum daga wa'azi. Taron shugabannin cocin da aka yi a birnin Dordrecht a 1574 ya yanke cewa a daina kaɗa shi a ibada, wanda aka yi a 1578 kuma ya nemi a ma fitar da shi daga coci gaba ɗaya.

Sai dai masu gari sun ƙi. Kuɗi masu yawa aka zuba a waɗannan kayan, kuma abin taƙama ne ga kowane birni. Saboda haka aka tsaya a tsakiya: ba za a kaɗa ogan lokacin addu'a ba, amma hukuma za ta ɗauki makaɗi a albashinta ya riƙa kaɗa shi kafin ibada da bayanta da kuma wasu ranakun mako, domin jama'ar da ke shigowa coci su sha iska ko su yi hira. A Amstadam irin wannan aiki ne Jan Pieterszoon Sweelinck ya riƙe har ya mutu a 1621, kuma ɗalibai daga Jamus suka riƙa zuwa wurinsa koyo. Daga baya, a shekarun 1630 da 1640, coci ta sassauto ta yarda ogan ya riƙa raka waƙar zabura, don jama'a na ja wa waƙar rai ana rasa inda aka dosa. Amma mallakar ba ta koma ba. Wato dai hanin malamai ne ya haifi kiɗan ogan na jama'a wanda babu ruwansa da ibada, abin da su malaman ba su taɓa nufa ba.

Wanda ya san fada ba zai sha wuyar gane wannan ba. Tambari na sarauta ne, makaɗi riƙo kawai yake yi, in ya tafi wani ya ɗauka.

Kayan da kansa

A 1735 majalisar Haarlem ta ba Christian Müller aikin ƙera sabon ogan. Bajamushe ne mazaunin Amstadam. Ya gama a 1738, kuma abin da ya miƙa ya cike bangon yamma na cocin tun daga sama har kusan ƙasa, an shafe shi da jan fenti da ruwan zinariya, ga mutum-mutumi da Jan van Logteren ya sassaƙa an jera. Yana da bututu fiye da 5,000, da allon maɓallai uku na hannu, da wani na ƙafa wanda ake takawa kamar feda.

Yadda yake aiki bai wuce sarewa da algaita da zugazugin maƙeri ba, sai dai an tara su dubbai wuri guda. Zugazugi ke tara iska, a da mutane ke taka shi, yanzu injin lantarki ke hura shi. Kowane bututu murya ɗaya tak yake fitarwa. Yawancinsu irin sarewa ne, iska ta bugi leɓen bututu ta yi ƙara. Wasu kuma suna da ɗan siririn harshe na tagulla a ciki mai karkarwa kamar bakin algaita, su ne masu amon kakaki. Mafi tsawo a Haarlem ƙafa 32 ne, kusan mita 10, kuma muryar mafi ƙasa cikinsu iska ce mai karkarwa kamar sau 16 a daƙiƙa, wadda ƙirji ya fi kunne jin ta. Ƙananan kuwa ba su kai fensir ba.

An kasa bututun jeri-jeri bisa irin amonsu, kowane jeri ana ce masa rijista. Müller ya yi 60, yanzu 62 ne. Kowace rijista tana da mariƙinta na katako a gefen makaɗi, in an jawo shi jerin ya buɗe, in an tura ya rufe. Tsakanin yatsan makaɗi da bakin bututu kuwa babu waya babu lantarki, sirāran itatuwa ne da ƙugiyoyi ke jan juna har su buɗe wa iska ƙofa. In aka haɗa allo biyu ko uku wuri guda, nauyin sai ya ƙaru a yatsa.

Sunan ogan ɗin ya fita tun da wuri. Ana ba da labarin cewa Handel, mashahurin mawallafin kiɗa, ya kaɗa shi. Na Mozart kuwa, wani mashahurin mawallafin kiɗan, yana rubuce a wasiƙar mahaifinsa Leopold: a 1766, yaron yana ɗan shekara 10, wani mai ɗab'i na Haarlem, Johannes Enschedé, ya buga littafin Leopold na koyar da goge cikin harshen Holanci, ya kawo masa, makaɗin cocin kuma ya gayyaci yaron ya hau ogan. Abin da ya ja hankalin uban shi ne bututun na ƙarfen kuza ne, ya ce itace ba ya ƙarko a ƙasa mai laima irin wannan. Kusan shekara 85 bayan haka, Herman Melville, a littafinsa Moby-Dick na 1851, da ya so ya kwatanta cikin bakin wani katon kifin teku sai ya ce kamar mutum yana cikin babban ogan na Haarlem. Bai tsaya bayani ba, ya ɗauka mai karatu ya sani.

Me ya sa sai bazara

Amsar farko sanyi ne. Gini irin wannan, na dutse da bulo, mai rufi can sama, daɓensa kuma duk duwatsun kaburbura (mai zane Frans Hals ma nan aka binne shi), ba ya ɗumamuwa da hunturu sai an ƙona kuɗi mai yawa. Ko da kuɗin ma, ɗumama shi da sauri illa ce ga ogan, don busasshiyar iska mai zafi takan tsaga katako ta busar da fatar da ke toshe kafofin iska. Babu mai zama awa guda a kan kujerar katako cikin Janairu don jin kiɗa, kuma yatsun makaɗin ma ba za su motsa ba. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, mutane su shigo da haske, garin cike da baƙi.

Amma bazarar ma tana da tata matsala. In iska ta yi ɗumi, sauti yakan ƙara gudu a cikinta, sai muryar bututu masu irin sarewa ta ɗan hau. Masu harshen tagulla ba su cika motsawa haka ba, sai a wayi gari ɓangarorin biyu sun saɓa. Da yake masu harshen su ne kaɗan kuma su suka fi sauƙin taɓawa, su ake bi ɗaya-ɗaya a saita su bi sauran kafin kiɗa: mutum ɗaya na ƙasa yana danna maɓalli, ɗaya na cikin ogan da ɗan ƙarfe yana ƙwanƙwasa wayar da ke riƙe harshen. In rana ta buɗe tsakanin safe da yamma, na sama kusa da rufi su fi na ƙasa ɗaukar zafi, aikin safe ya ɗan lalace kafin dare.

Baƙo da kayan da ba nasa ba

Nan ne gundarin lamarin. Mai goge ko mai sarewa in an gayyace shi, kayansa yake saɓawa ya tafi. Makaɗin ogan ba ya zuwa da komai sai takardun kiɗa da takalmansa, masu sirārar tafin fata da ɗan dunduniya, don taka maɓallan ƙafa. Kayan kiɗan yana nan inda aka kafa shi tun 1738, kuma babu ogan biyu a duniya da suke ɗaya. Wanda ya yi shekara talatin yana kaɗa na cocinsa a Faris ko Boston, in ya zo nan sai ya koma ɗan koyo na 'yan awoyi.

Tun kafin ya taso ake aiko masa jerin rijistocin, shi kuma ya aika da abin da yake son kaɗawa don kada ya maimaita na wanda ya gabace shi. Amma takarda ba ta gaya wa mutum amo. Sai ya iso, an ba shi lokacin gwaji, galibi da yamma ko da dare bayan an rufe ƙofa, tunda da rana cocin a buɗe take ga masu yawon buɗe ido. Ya hau matakala, ya zauna a wani ɗan lungu tsakanin babban ogan da ke gabansa da ƙaramin da ke bayansa, wanda ya leƙo kan jama'a daga bakin baranda. Daga wannan lungu ba a ganinsa, shi ma ba ya ganin kowa.

Abu na farko da zai gane shi ne kunnensa na yaudararsa. Ƙaramin ogan na bayansa yana kusa da ƙeyarsa, bututun saman kuwa amonsu yana wucewa ta kansa ya tafi tsakiyar coci. Abin da ya ji ya yi daidai a lungun, mai zaune a ƙasa wani abu dabam yake ji. Shi ya sa gogaggen baƙo yakan sa wani ya zauna ya kaɗa masa 'yan layuka, shi ya sauka ya je tsakiyar coci ya saurara, ya dawo ya rage rijista ɗaya ya ƙara wata, ya sake sauka. Hawa da sauka nan kan cinye rabin lokacinsa. Sannan ga amsa-kuwwa: in ya ɗaga hannu, sautin yakan yi daƙiƙoƙi yana yawo a ginin kafin ya mutu. Kiɗan da yake yi da sauri a ƙaramin zaure dole ya ja masa linzami a nan, ya riƙa barin 'yan ƙananan tazara tsakanin sautuka, in ba haka ba komai ya cakuɗe ya zama kunu.

Sai maganar masu jan rijista. A ogan na zamani akwai ɗan maɓalli da makaɗi zai taɓa da babban yatsa, rijista ashirin su canza nan take. A nan babu wannan. Hannayensa biyu da ƙafafunsa biyu duk suna aiki, mariƙan kuma suna jere hagu da dama, wasu nesa da inda hannu zai kai. Saboda haka mutum biyu ke tsayawa, ɗaya kowane gefe, galibi su ma makaɗa ne ko ɗalibai. Baƙon yakan rubuta lambobin rijista a kan takardar kiɗan da fensir ko ɗan manne, alamar ƙari ga wadda za a jawo, alamar ragi ga wadda za a tura, daidai kan sautin da yake so canjin ya faɗa. Ɗayansu kuma shi ke juya shafi. In mai ja ya makara da rabin daƙiƙa, kakaki ya ɓarke a tsakiyar wurin da ya kamata a ji kamar raɗa, jama'a makaɗin za su ɗora wa laifi, shi da sunansa ke kan takardar shiri. Mutanen nan biyu sun fi shi sanin kayan nesa ba kusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma baƙon da ya iso da girman kai ya ƙi jin shawararsu, shi ke kwana ciki.

Akwai kuma abin da ogan ɗin ba zai iya ba ko an so. Ba shi da akwatin nan mai ƙyamare da ake buɗewa da ƙafa don sauti ya ƙaru ko ya ragu sannu a hankali, wanda kiɗan Faransa na ƙarni na 19, irin na César Franck da Widor, ya dogara da shi. Mai son kaɗa irin wannan a Haarlem sai dai ya yi dabara, masu ja su riƙa ƙara rijista ɗaya bayan ɗaya a ɓoye cikin sauti. Wasu sukan yi nasara har a yi mamaki. Ni dai a nawa ganin, baƙon da ya fi burgewa shi ne wanda ya zaɓi kiɗa don wannan kayan, Bach ko Buxtehude ko Sweelinck ko wani sabon abu da aka rubuta da shi a zuciya, ba wanda ya ɗauko shiri ɗaya yana zagaya Turai da shi duk bazara kamar ɗan koli ba. Irin na biyun suna da yawa, kuma ana ganewa tun daga mintin farko.

Daga 1951

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu garin ya ɗora wani abu a kan tsohuwar al'ada. A 1951 aka fara gasar ƙirƙirar kiɗa nan take: a miƙa wa makaɗi ɗan gajeren jigo da wani mawallafin kiɗa ya rubuta musamman, a ba shi ɗan lokaci kaɗan shi kaɗai, sannan ya hau ya gina cikakken kiɗa a kai a gaban jama'a da alƙalai. Louis Toebosch ɗan Holan ya ci ta farko, Anton Heiller na Ostiriya ya ci a 1952, Piet Kee ya ci sau uku a jere daga 1953 zuwa 1955. Hans Haselböck, shi ma ɗan Ostiriya, ya maimaita haka daga 1958 zuwa 1960, André Isoir na Faransa kuma daga 1966 zuwa 1968. A 1955 aka ƙara da makarantar bazara, inda Heiller da Marie-Claire Alain da Luigi Ferdinando Tagliavini suka yi shekaru suna koyarwa, ɗalibai na zuwa har daga Amurka da Japan. Yanzu duk bayan shekara biyu ake yin bikin gasar da makarantar, a watan Yuli.

Tasirin wannan a kan kiɗan Talata ba ƙarami ba ne. Ɗalibin da ya zo yana ɗan shekara ashirin da wani abu ya ja wa malaminsa rijista, shi ne bayan shekara ashirin zai dawo a matsayin baƙon da aka gayyato, ya riga ya san lungun. A 1956 kuma hukuma ta naɗa makaɗan gari biyu lokaci guda, Albert de Klerk da Piet Kee. De Klerk ɗan Katolika ne, yana kaɗa wa cocinsa ranar Lahadi, amma ga shi da mabuɗin ogan a cocin Furotesta, tunda ma'aikacin gari ne. Ya riƙe har 1983, Kee har 1989, sannan Jos van der Kooy ya karɓa a 1990.

Gyaran da ya jawo magana

Mallakar hukuma ba ta hana kuskure ba. An taɓa ogan ɗin a 1866 don ya dace da kunnen wancan zamani, an sake taɓa shi a farkon ƙarni na 20. Daga 1959 zuwa 1961 kamfanin Marcussen na Denmak ya yi masa babban gyara da niyyar mayar da shi yadda Müller ya bar shi, ya sabunta akwatunan iska da itatuwan da ke jan ƙofofin bututu, ya ƙara rijista biyu, ya rage ƙarfin iska. An yaba a lokacin. Daga baya masana da yawa suka ce abin da aka samu ya fi kama da yadda mutanen 1960 suke zaton ogan na ƙarni na 18 yake, mai siririyar murya da ƙyalli, an rage masa kauri. Tsakanin 1987 da 2000 kamfanin Flentrop na Holan ya bi bututun sannu a hankali yana gyara musu murya, aka kuma ƙara iskar.

Abin lura a nan shi ne baƙin makaɗa suna cikin masu tona irin wannan. Wanda ya kaɗa wani ogan na Müller, kamar na birnin Leeuwarden, ya zo nan mako guda bayan haka, kunnensa zai gaya masa bambanci, kuma zai faɗa a wurin shan shayi bayan kiɗa. Makaɗin gida da ke jin kayansa kullum yakan saba da aibinsa har ya daina ji.

Raunin tsarin kuwa yana nan inda ƙarfinsa yake. Abin da kasafin kuɗin majalisa ke riƙe da shi, kasafin kuɗin majalisa na iya sakinsa, kuma kansila da ke neman inda zai rage kashe kuɗi ba zai rasa ganin albashin makaɗi da kuɗin jirgin baƙi ba. Masu furfura kuma su suka fi yawa a kujerun irin wannan kiɗa a ko'ina cikin Turai. Sai dai rashin kuɗin shiga yana yin wani aiki da talla ba ta yi: mai wucewa da keke ya ji amo ta bango ya leƙo, ɗan yawon buɗe ido da ya zo ganin kabarin Frans Hals ya dawo da dare, ya zauna yana fuskantar bututun tunda babu makaɗin da zai kalla.

In kiɗa ya ƙare, akan yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi ana jiran amon ƙarshe ya gama zagaye, sannan a tafa. Baƙon yakan taso daga lungunsa ya zo bakin baranda a gefen ƙaramin ogan ya rusuna, daga ƙasa ana hango shi ɗan mitsitsi a gindin bututu masu ƙafa 32. A bayansa masu ja suna tura mariƙan ɗaya bayan ɗaya, suna goge lissafinsa daga kan kayan, don mako mai zuwa wani ne zai zo da nasa lambobin.